Ƙafar Saje a Kafaɗata

Waɗanda suka ƙera tankar nan ba su taɓa ɗanɗana zafin dajin Chaco ba, na rantse. A ƙasar sanyi suka zauna suka zana abarsu, suka auna kaurin ƙarfe, suka auna bakin bindiga, suka manta ɗan adam ne zai shiga ciki ya yi numfashi. In rana ta take, jikinta ba ya taɓuwa. Direba kuwa ɗan tsagi aka bar masa ya leƙa waje, bai fi faɗin yatsu biyu ba.

Sunana Anacleto Yujra. Motar kwasar kuza nake ja a garin Uncía lokacin da yaƙinmu da Paraguay ya ɓarke. Aka ce wa ya iya inji, na ɗaga hannu, ban san abin da na jawo wa kaina ba. Aka gangaro da ni daga tudunmu mai sanyi aka cusa ni cikin wannan tanda. A rukuninmu babu mai jin yarenmu na Aymara ko ɗaya, ni kuma Sifaniyancina ya fi kama da tari. In an zauna cin abinci sai in ɗauki kwanona in koma gindin tanka. Kaɗaici ya ci ni a wurin nan, ba zan ɓoye ba.

Mutum ɗaya ne ya ƙi ƙyale ni: Saje Hilarión Antelo, kwamandan tankarmu, mutumin Santa Cruz, dogo mai surutun tsiya.

"Kai ɗan tudu," in ji shi, "kumatun nan ganyen kokan da kuke taunawa ne, ko ƙwai ka sato ka ɓoye?"

"Ganye ne, Saje."

"To sam mini mana, marowaci. Tsami zai yi in ka bayar?"

Cikin tanka ba a magana. Ƙarar inji da ta sarƙar da tanka ke tafiya a kai ba sa barin ka ji ko ihun kanka. Saje yana sama da kansa a hasumiya, ni ina ƙasa tsakanin ƙafafunsa, da ƙafa yake tuƙa ni. Dunduniya a tsakiyar baya, tafi. Ƙafa a kafaɗar dama, yi dama. A ta hagu, yi hagu, kuma kar ka saki sai an ɗaga. Duka biyu, tsaya. Ranar farko da takalmi ya yi, na fito kafaɗuna sun yi jina-jina. Ya duba su. Washegari sai na ga ya tuɓe takalman ya rataya a wuya, ya shiga ƙafa ba takalmi. Tun da na bar gida babu wanda ya yi mini abu irin wannan.

Har hira muka koma yi da ita. In na haye rami sumul sai ya ɗan murza mini babban yatsa, wato madalla. In na yi shirme ya ja mini kunne da yatsun ƙafa. Yaren nan kam na iya shi fiye da kowa.

Sau ɗaya na karya doka. Wajen atisaye ne, na ji ƙafarsa ta yi wani iri, na waiwaya in ga ko lafiya. Kafin in juyo mun afka kwazazzabo, sai da aka kawo motoci biyu aka jawo mu, duk sansani ana tuntsira dariya. Saje ya ja ni gefe, ransa a ɓace.

"Ai ƙaiƙayi nake sosawa, kai kuma ka zama likita! Ji nan, Anacleto. Idonka na tsagi ne, kafaɗarka tawa ce. Ko sama ce ta faɗo kar ka sake waiwayowa. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Saje."

"Rantse."

Na rantse da Budurwa Maryamu, kuma na riƙe.

Ranar da aka ce mu far wa ganuwar Paraguay, maharbin tankarmu ya some tun kafin a tashi, zafi ya kayar da shi. Saje ya ce shi zai riƙe bindigar, mu tafi mu biyu. Na zuba wa Pachamama, uwar ƙasa da muke girmamawa, ɗan barasa a ƙasa, na yayyafa wa sarƙa kamar yadda muke yi wa sabuwar mota a gida.

"Uwar ƙasa ta sha, tanka ta sha, ni kuma oho ko?" ya ce. Na miƙa masa kwalbar, ya kurɓa, ya tuɓe takalmi.

Umarni shi ne a rufe murfi. Muka rufe, muka yi kamar rabin awa cikin ƙaya da harbi. Harsasai na sauka a jikin ƙarfe kamar ana watsa tsakuwa a kwanon rufi. Sandunan tuƙi suna ƙona mini tafin hannu, numfashi ya fara gagara. Sai na ji iska ta shigo ta sama, na gane Saje ya buɗe murfi. Ban ga laifinsa ba. Da bai buɗe ba da mun dahu.

Dama. Na yi dama. Tafi. Na tafi. Sai ƙafarsa ta sauko a kafaɗar hagu da nauyi, ta zauna.

Na ja sandar hagu, tanka ta fara zagaye. Ban yi mamaki ba, don ya taɓa koya mini haka: in an kewaye mu, mu yi ta juyi mu ta da ƙura. Na ga wani itace mai ƙaton ciki ya wuce ta tsagi. Can ya sake wucewa. Ya sake. Na ji danshi yana gangaro mini ta wuya, na ce gumin Saje ne, ai kullum a kaina yake ɗiga. Bindigarmu ta yi shiru, na ce yana tattalin harsashi ne. Zuciyata tana cewa waiwaya, ni kuma ina ce mata ba za a sake yi mini dariya ba, Saje ba zai sake jin kunya saboda ni ba. Har wani alfahari nake ji, kaicona! Ina jiran ya murza mini babban yatsa.

Sau goma sha ɗaya itacen nan ya wuce. Na ƙirga.

Inji ne ya gaji ya mutu don kansa. Cikin shirun sai na ji wani gurnani a samana. Na duba hannun rigata, ja wur. Sannan na waiwaya.

Harsashi ya same shi a cinya ta sama, ko ɓaraguzan ƙarfe, ban sani ba har yau. Ya zame ya jingina, ƙafar da ta mutu ita ce a kafaɗata. Idonsa a buɗe, leɓensa na motsi. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake kirana.

Na ɗaure cinyar da ɗamarata, na saɓa shi a baya, na bar wa 'yan Paraguay tankar su ci. Da na isa rumfar likita na sauke shi. Likitan ya duba raunin, ya duba ni.

"Ina ka tsaya da shi, bawan Allah? Wannan ai ɗauri kawai yake so tun ɗazu. Jininsa ya ƙare."

Saje ya cika kafin a gama yanke wandon. Takalmansa na wuyansa, ni na cire su.

Yanzu shekaruna tamanin da ɗoriya. Ƙarar tanka ta tafi da kunnuwana tun ina da ƙarfina, mutane suna buɗe baki a gabana ina kallonsu kawai. A gidan ɗana nake zaune a Oruro, a bakin ƙofa, ina shan hantsi. In abinci ya sauka, matarsa Eduviges takan zo ta baya ta dafa mini kafaɗa. Na roƙe ta tun zuwana ta riƙa taɓa ta dama. Yarinyar kirki ce, ba ta tambayi dalili ba.

Jiya ta manta. Hannunta ya sauka a ta hagu, ya ɗan daɗe. Na waiwaya da saurin da ya sa kujera ta kife da ni, na riƙe ƙafarta ina laluben inda jini yake. Ta tsorata, ta durƙusa, bakinta na motsi. Miya ce kawai ta kawo mini.