Kwanon Gwaggo Lanti

Wani mafarki ne ya same ni daren jiya, kuma kada wani ya ce tuwo ne ya yi mini yawa, don ko koko ban sha ba na kwanta, haushi ne fal a cikina. A unguwarmu muna da ƙungiyar taimako da ake kira Rufin Asiri. Da guguwa ta yaye rufin ɗakin Gwaggo Lanti, tsohuwar da ke sayar da daddawa a bayan masallaci, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa aka sayo kwanon rufi shuɗi. Ni Ilu da kaina na yi dakonsa har gidan Shugaba, Alhaji Jatau, maƙwabcina. Damina ta kankama, kwano bai hau ɗaki ba. Duk wanda ya buɗe baki a taro sai a ce masa, "Haba Malam, a rufa asiri mana."

To, ina rufe ido sai ga ni a wani gari inda ruwan sama yake tsattsafowa daga ƙasa ya wuce sama. Kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki. Ban ga abin mamaki ba, na naɗe ƙafar wando na nufi ofishin ƙungiya.

Ofishin ba shi da bango, ƙofa ce kawai tsaye a tsakiyar hanya, an garƙame ta da kwaɗo. Kwaɗon kuma mai rai ne, yana zazzare ido. Na yi masa sallama.

Ya ce, "Shugaba yana ganawa."

Na ce, "Da wa?"

Ya ce, "Da Shugaba."

Ina iya zagayawa ta gefe in shiga, amma na ga rashin ladabi ne. Na tsaya har kwaɗon ya ji ƙishirwa ya yi tsalle ya tafi.

Shugaba bunsuru ne cikin babbar riga mai aska, da haƙorin Makka irin na Alhaji Jatau sak. Yana ta tuƙa wani abu. Na durƙusa na gaishe shi, warin da ya buge ni kuwa sai wanda ya ji.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwanon Gwaggo Lanti na zo tambaya."

"Wane kwano?"

"Shuɗin nan."

Ya ce, "An kafa kwamiti ya binciko ko shuɗi launi ne. Zauna."

Na zauna a kujera na ce, "Su wa ke cikin kwamitin?"

"Ni ne, sai ni, sai wani dattijo mai gaskiya." Ya ɗago madubi ya nuna mini dattijon, suka gaisa.

Na ce to a kira mini Ma'aji. Ya ce ai Ma'aji yana bakin aiki, a cikin kujerar da nake zaune. Ashe gara ce. Kafin in ce uffan kujera ta zube da ni, Ma'aji ya leƙo yana share baki ya ce komai yana nan a ajiye, a cikinsa.

Nan fa raina ya ɓaci. Na tashi ina kakkaɓe riga na ce, "Wallahi yau sai an fito da komai fili!"

Shugaba ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne."

Sai ga mu a filin ƙwallon makaranta. An fito da teburi, an fito da madubi, an fito da ƙofar ma an kafa ta a tsakiya. 'Yan ƙungiya duk awaki ne, sun cika fili. Aka kawo wani ƙaton bargo aka lulluɓe mu gaba ɗaya, aka ce taro ya buɗe. A cikin duhun bargon na ji muryar Shugaba yana cewa duk wanda bai gamsu da shugabanci ba ya ɗaga ƙahonsa. Na shafa kaina, ba ƙaho. Aka ce kowa ya gamsu, aka shafa fatiha.

Sai kuma ga mu a ɗakin Gwaggo Lanti. Tana zaune a ƙasa ta kife wani ɗan kwanon tuwo a ka. Ruwa yana ɓulɓulowa daga daɓe, ya ɗauki tabarmarta ya yi sama da ita, daddawa tana bi ɗaya bayan ɗaya.

Shugaba ya ce, "Kwano kuka ce a ba ta, ga kwano. Shuɗi kuka ce, duba bakinsa." Na duba, da ɗan zanen shuɗi kuwa. Ya ci gaba, "Da mun rufe mata ɗaki, ta ina ruwan nan zai fita? Da tuni ta nutse. Ranta muka ceta." Awaki suka yi tafi da kofato.

Gwaggo ta ce, "Allah Ya rufa asiri, Alhaji."

Wannan godiyar ta fi komai yi mini ciwo, har ƙwalla ta zo mini. Na ce, "Haba Gwaggo! Kwanon tuwo fa suka kifa miki!"

Ta jawo ni kusa ta ce, "Ilu, ɗan nan, yi shiru. Kada su karɓe wannan ma."

A nan ne ruwan da ya taru a sama ya canza shawara. Aka ji yana gyaran murya. Awaki suka ɗaga kai, suka zuba a guje, Shugaba a gaba ya tattare babbar riga, suka cusa kansu ƙarƙashin wata rumfa da ban lura da ita ba. Na buɗe baki in tara jama'a, abin da ya fito shi ne "meee". Sai na fizgi kwanon kan Gwaggo na shiga bugawa da dutse, ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Na farka, ƙarar ba ta tsaya ba. Gari ya waye, Saude matata tana shara a tsakar gida. Na ce mata wane ne wannan mara tausayi da sassafe? Ta ce kafinta ne a gidan Alhaji Jatau, yana buga wa awakinsa rumfa kafin ruwa ya sauko.

Na jawo turmi na hau, na leƙa ta kan katanga. Kwanon rumfar shuɗi ne. Can bayan masallaci kuwa hadari ya haɗu baƙi ƙirin.