Fayil ɗin Kan Kabewa

Shagon Tokuji yana can ƙarshen rumfar kasuwa a Takamatsu, tsakanin mai taliyar udon da mai gyaran agogo. Katuna yake sayarwa, irin waɗanda yara ke tarawa suna musaya: 'yan wasan besbol, 'yan kokawar sumo, dodanni, jiragen ƙasa. Da ya rasu a farkon bazara, matarsa Sumie ta ci gaba da ɗaga ƙofar kowace safiya. Ba ciniki take nema ba, ta dai rasa inda za ta sa kanta ne. Daga baya mai rumfar ya ce su kwashe kayansu kafin wata ya ƙare.

'Yarsu Kanae ta zo daga Osaka da kwamfutarta. Ta samo dillalin da zai sayi kayan gaba ɗaya, amma ya ce sai an jera masa su a tsare: kowane fayil iri ɗaya a ciki, sunan irin a gaba, shekara a baya. Sumo da shekararsa, dodanni da shekararsu. Kanae ta iya aikin, Sumie kuma ba ta hana ta ba.

Ranar Asabar da safe Sumie ta kai furanni kabari. Da ta dawo sai ta tarar da wani tsohon fayil ruwan ƙasa a kan tebur, aljihunan ledarsa duk wayam. A gadon bayansa akwai rubutun Tokuji, mai karkata kamar zai faɗi: Kan Kabewa.

"Ina katunan ciki?"

"Na raba su," in ji Kanae, idonta a kan kwamfuta. "Komai a cakuɗe yake, Mama. Sumo, jirgi, dodo, duk wuri ɗaya. Kuma ki dubi na kantar ƙasan nan. 'Ɗan mai awara, na biyun.' 'Wanda ya fasa mini gilashi.' Wannan kuma 'Talata' kawai. Baba dai ya yi abin da ya ga dama. Talata suna ce?"

"Yaron ne, ranar Talata kaɗai ake barinsa ya fito."

Kanae ta ɗago kai.

Sumie ta zauna a kan kujerar mijinta. Kanae ta tsani shagon nan tun tana yarinya, ko jakarta ba ta ajiyewa a ciki, shi ya sa ba ta sani ba. Duk ƙarshen shekara, in an tashi babbar sharar gida, iyaye mata kan kwashe katunan yaran da za su zauna jarrabawa su zuba a shara. To sai ka ga yaro ya shigo a guje da kwalin takalmi a hammata, yana haki. Tokuji ba ya tambaya. Ya ɗauko sabon fayil, ya jera su yadda yaron ya kawo, ya rubuta sunan tsokanar da yake kiransa, ya ce, "Je ka yi karatu. In gemu ya fito ka dawo."

"Ba namu ba ne," in ji Sumie. "Ajiya ce. Kan Kabewa kuwa Noboru ne, direban bas. Ranar jana'iza ya sa mini ranar da zai zo ya karɓa, gobe Lahadi ke nan. Na ce masa suna nan yadda ya bar su."

Kanae ta juya ta kalli manyan fayilolin da ta cika, jere har kusa da rufi. Ta dafe goshi.

"Na shiga uku. Ta ina zan gane nasa?"

Sumie ta tashi ta zubo musu shayin sha'ir mai sanyi. Tana riƙe da kofin sai dariya ta kuɓuce mata, wadda rabonta da ita tun kafin asibiti.

"Uwar Noboru! Kin san shekarar shiga firamare ana rubuta wa yaro suna a jikin komai, fensir, laima, safa. To ita ba ta daina ba. Wata rana ta zauna ta bi katunansa ɗaya bayan ɗaya ta rubuta suna a baya. Ya shigo nan yana kuka har da majina, wai ta kashe su, ba wanda zai ƙara musaya da shi. Babanki ya yi dariya har sai da ya riƙe kanta. Ya ce, 'Kai Kabewa, ai yanzu ko ɓarawo ya gani sai ya dawo maka da su.'"

Suka shimfiɗa tabarma a tsakar shagon, suka yi ta zaro katuna suna juyawa. Wani ƙaton ɗan sumo, a bayansa ga suna can a kusurwa, ƙanana kamar tururuwa. Jirgin ƙasa mai jan hanci. Dodo mai ƙaho uku da gefensa ya cinye. Sumie tana jin warin tsohon kwali, tana tuna yadda yara kan cika ƙofar nan bayan makaranta, Tokuji yana kora su da mafici yana ce musu farin ɗango. Mai udon ya leƙo ya gan su a ƙasa, ya koma ya kawo kwano biyu.

Da yamma fayil ɗin ya cika. Kanae ta jawo sauran na kantar ƙasa gabanta.

"Waɗannan dillali ba zai taɓa su ba. Amma sai mun yi musu suna iri ɗaya, Mama, kada wani ya maimaita abin da na yi. Kowanne ya fara da 'Ajiya', sai makarantar yaron, sai cikakken sunansa."

"Rabinsu ban san sunansu na gaskiya ba. Shi ma bai sani ba."

"To me zan sa?"

"Abin da yake kiransu. Shi za su gane."

Haka aka yi. Sumie tana faɗa, Kanae tana rubutawa a farar takarda, tana mannawa a ƙasan rubutun babanta, ba a kansa ba. Ajiya, firamaren bakin teku, Talata.

Washegari Noboru ya zo da hantsi, da rigar aiki. Gashi ya zube, kan nan kuwa yana nan yadda Tokuji ya gan shi. Ya rusuna gaban hoton mamacin, ya kunna turare, sannan ya karɓi fayil ɗin da hannu biyu.

"Inna, ashe da gaske bai zubar ba."

"Ba a jere suke yadda ka kawo ba," in ji Kanae. "Ni na hargitsa su. Sunan da ke baya ne ya cece ni."

Ya zaro ɗan sumon nan. Bai tsaya kan fuskar ba, ya juya shi. Ya daɗe yana kallon kusurwar.

"Sati guda na yi ban yi wa mahaifiyata magana ba saboda wannan," ya ce a hankali. "Bara ta rasu. Da muka kwashe gidan ko takarda ɗaya ban samu da rubutunta ba."

Sumie ta tura masa kujerar Tokuji. Ya zauna, ya ɗora fayil ɗin a cinya, ya zaro na biyu ya juya.