Labarin Mujitaba a Rumfar Mai Faci

Shekarar da matasan Kiru suka doke na Tudun Wada a wasan ƙarshe na kofin yankin, Mujitaba ne ya zura ƙwallon da ta raba gardama. Ana tashi daga wasan wani koci da ya zo kallo daga wata jiha ya ja shi gefe, ya ce yana son sa a ƙungiyarsa. Ƙaramar ƙungiya ce, tana buga ƙaramin rukuni, amma daga irinta ne manyan ƙungiyoyi ke zaɓar 'yan wasa.

Malam Shitu, mahaifin Mujitaba, manomin masara da shinkafa ne, kuma wannan ne ɗansa na fari. Da yaron ya zo masa da maganar, ana daf da shuka, sai ya ce bai yarda ba. Mujitaba ya turo kawunsa, ya turo limamin unguwa. Daga ƙarshe Malam Shitu ya gaji ya ce, "Ya tafi. Amma in ya tafi kada ya neme ni a waya, ba ni da abin da zan ce da mai bin ƙwallo." Cikin fushi ya faɗa, bai kuma zaci za a riƙe maganar ba. Mujitaba ya riƙe ta. Ya yi wa mahaifiyarsa Maimuna sallama, ya durƙusa ya gaida uban, ya hau mota.

A bakin tasha akwai rumfar Idris mai faci. Shi ne ke horar da yaran garin da yamma, a hannunsa Mujitaba ya koyi ƙwallo. Yaransa uku ne suka fita a wannan shekarar: Mujitaba, da Ɗantani mai tsaron gida, da Hamman, wani dogon yaro daga rugar da ke hanyar Doguwa. Idris na bin labarinsu kamar 'ya'yan cikinsa. Yana kiran kociyoyinsu, yana karɓar guntayen bidiyo a waya, ya san wanda ya buga da wanda ya zauna a benci.

Wata ranar kasuwa Malam Shitu ya turo babur ɗinsa rumfar, ya ce a duba masa iska. Tayar lafiyarta ƙalau, amma Idris ya duba. Dattijon ya zauna a kan benci, aka gaisa, aka taɓa maganar taki. Can ya ce, "Wai yaron nan na Fulani, dogon nan, yana taɓukawa kuwa?"

"Hamman? Yana ƙoƙari, Baba. Sun mai da shi mai tsaron baya."

"To. Ɗantani fa?"

"Shi har yanzu bai samu shiga ba, akwai wanda ya girme shi a raga."

Malam Shitu ya ci gaba da kallon hanya, bai kuma tashi ba. Idris ya gane. Ya sunkuya kan wata taya, ya ce kamar da ita yake magana, "Na ukunsu kuwa an sako shi bayan hutun rabin lokaci, ya ba da ƙwallo aka ci. Kocin ya ce yana da gudu, sai dai ƙafarsa ta hagu ba ta da ƙarfi."

"Ni ban tambaye ka ba," in ji Malam Shitu. Ya tura babur ɗinsa ya tafi.

Daga ranar abin ya zama al'ada. Duk ranar kasuwa zai zo, ya tambayi Hamman, ya tambayi Ɗantani, sannan ya jira. Sannu a hankali mutumin da bai taɓa tsayawa a bakin fili ba ya san mene ne satar gida, ya san abin da ake nufi in an ce an ba da ɗan wasa aro, ya san ƙungiyar da ke saman tebur da wadda ke shirin faɗuwa. Idris ya taɓa miƙa masa waya ya ce ga bidiyon wata ƙwallo da yaron ya ci da ka. Ya kau da kai, ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan abubuwa. A gida kuwa, in Mujitaba ya kira mahaifiyarsa, sai Malam Shitu ya ɗauki buta ya fita tsakar gida, amma ba ya nisa da taga.

A kakar wasa ta biyu Mujitaba ya zama ɗan wasan gaba da ba a ajiye shi. Hamman ya dawo gida ya koma wajen shanunsu, Ɗantani ya sauya ƙungiya, amma sunan Mujitaba ya fara fitowa har a rediyo. A wannan kakar ne ƙungiyarsu ta zo buga wasa cikin birnin Kano. Idris ya ɗauki hayar mota shi da yaransa, ya ce, "Baba, akwai wuri a gaba." Malam Shitu ya ce yana da ban ruwa. Da safen ranar ya sa babbar riga, ya fito har tasha bayan motar su Idris ta tashi. Ya tarar da wata ana lodi, kwandasta na kiran Kano. Ya daɗe a tsaye. Sai ya hango wani maƙwabcinsa da ya ji irin maganar da ya yi ranar da yaron zai tafi. Mutumin ya ce, "Malam, ina zuwa haka?" Ya ce ba ko'ina, ya juya gida. A wasan Mujitaba ya ci biyu.

Bayan nan wata babbar ƙungiya ta kira shi gwaji. Ya yi makonni a can, suka ce ya koma ya ƙara gogewa, za su sake nemansa. Ba su sake ba. Kakar wasa ta gaba ƙungiyarsa ta faɗi, aka sauya koci, sabon ya zo da yaransa. Labarin da Idris ke bayarwa ya fara gajarta. An sako shi saura kaɗan a tashi. Bai buga ba. Ba a tafi da shi ba. Daga nan sai Idris ya koma cewa layin ba ya shiga.

Wata rana Malam Shitu bai tambayi kowa ba. Ya zauna ya ce, "Idrisu, ka faɗa mini gaskiya."

Idris ya ajiye abin da ke hannunsa. "Sun sallame shi, Baba, tun kafin azumi. Yana can garin, yana lodi a wani kamfanin ruwan leda. Ya roƙe ni kada in faɗa a gida. Ya ce ba zai iya dawowa ya haɗa ido da kai ba."

Washegari Malam Shitu ya hau mota. Tafiyar yini guda ce, bai taɓa zuwa garin ba, sai da ya yi ta tambaya kafin a nuna masa wurin. Ya tarar da ɗansa a bayan wata babbar mota yana cafe ledojin ruwa ana wurgo masa. Ya rame, ya yi baƙi. Da Mujitaba ya gan shi sai leda ta suɓuce masa. Ya diro ya durƙusa.

Suka zauna a inuwar wata katanga. Suka gaisa. Can uban ya ce, "Ƙafar hagun nan, ta yi ƙarfi daga baya?"

Mujitaba ya ɗago. "Wa ya faɗa maka, Baba?"

"Da ita ka ci ta biyu a Kano, an ce. Ta farko da ka. Kuma wasan da kuka yi cikin ruwan sama, da alƙali ya hana ku bugun daga kai sai gola, ba laifinka ba ne."

Yaron ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sunkuyar da kai, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ranar Kano, da Koci Idris ya shigo da yara, na yi ta duba bayansu. Har aka busa ina dubawa. Ni na ɗauka ko sunana ba ka so a ambata."

"Na zo har tasha," in ji Malam Shitu.

Ya ce wa ɗan ya tattara kayansa su koma tare, a gwada wata ƙungiyar, Idris ya san mutane. Mujitaba ya girgiza kai. Ya ce yanzu yara ƙanana ake nema, shi an riga an gan shi an wuce, kuma ransa ya fita daga abin. Ya yi alkawarin zai zo da kaka. Ya raka uban tasha, ya saya masa burodi, ya tsaya har motar ta tashi.

Ya cika alkawari. Da aka fara girbin masara ya zo, ya yi aiki a gona kamar bai taɓa barinta ba. Wata yamma bayan la'asar yaran Idris suka zo ƙofar gida a guje, suka ce akwai wasa da 'yan Bebeji, don Allah ya zo ya buga musu ko rabin lokaci ne. Malam Shitu yana zaure yana ji. Ya miƙe a hankali, ya sa hula, ya naɗe ƙaramar tabarmarsa ya saƙale ta a hammata.

"Ku yi haƙuri," ya ji Mujitaba na cewa daga waje. "Na daina. Takalman ma na bayar."

Yaran suka ƙara roƙo, suka gaji, suka tafi. Malam Shitu ya ɗan jima a tsaye da tabarmar. Sannan ya warware ta, ya shimfiɗa a inda ya ɗauke ta, ya zauna.