Gishirin Mahaifin Sulis

Ningrum ba ɓarauniya ba ce, ko dai haka take gaya wa kanta. Gaggawa ce ta ja mata. Tana haɗa kundin kammala digirinta a birnin Malang ta shiga shafin intanet na Sulis, ƙawarta da suke ɗakin haya ɗaya, inda Sulis ta bayyana yadda mahaifinta ke gane gishiri ya kusa kamawa a fadamarsa ta gishiri a tsibirin Madura. Rubutun ya yi daɗi, Ningrum ta kwashe shi sukutum, wai daga baya za ta sa sunan mai shi da adireshin shafin da ranar da ta leƙa. Aka karɓi kundin, aka ɗora shi a rumbun jami'a, ba ta sa ba.

Da shekara ta zagayo, Sulis ta rubuta nata kundin a kan gishirin nan, bayan ta daɗe da goge shafin. Na'urar gano satar rubutu ta shafa wa babi guda ja, ta nuno sunan Ningrum. Pak Darmaji, malamin da ke duba aikin, ya ce shi abin da ke rubuce ya sani. Tunda shafin intanet ɗin babu, ko ta jingina maganar ga wadda ta riga ta, ko ta haƙura da bikin yaye na bana. Uwar Sulis kuwa har ta ɗinka kebaya, rigar adon da za a sa ranar bikin.

Labarin ya iske Ningrum. Ta san magana ɗaya a ofishin malamin za ta wanke Sulis, ta kuma san maganar na iya cinye mata digiri da aikin koyarwar da ta samu da shi. Kullum sai ta ce gobe. Kunya ta hana ta ko ɗaga waya.

Sulis ta same ta a rumfar mai bakso, romon dunƙulen nama, ta zauna, ta buɗe kwamfuta. Da ma zaginta ta yi, da ya fi sauƙi. Amma sai ta kira ta Mbak, wato yaya.

"Mbak Ningrum, shafi na nawa na kundinki zan sa?"

"Sulis, tsaya in..."

"Gaya mini kawai, Mbak. Ba na son cin haƙƙin mutum."

Ningrum ta faɗi lambar shafin, murya can ƙasa. Tana kallo Sulis ta buga sunan Ningrum a ƙarshen maganar mahaifinta, ta sa shekara, ta rufe kwamfutar.

"Af, Baba yana gaishe ki," in ji Sulis tana miƙewa. "Ya ji an ce iliminsa ya shiga littafi, ya ce Allah ya yi miki albarka."