Kafaɗun da Kawu Lorant Ya Bari

"Sunkuya mana, Ambrus, ko sai na nemo tsani?"

Ambrus ya sunkuya. Matarsa Piroska ta zura masa hannun dama cikin baƙar kwat a hankali, kamar mai sa wa jariri riga, sannan ta zagaya ta kama na hagun. Wani abu ya yi ƙas a cikin kafaɗar, ya cije leɓe. Ƙaton mutum ne mai faffaɗan ƙirji, bai cika hamsin ba. Wanda ya hango shi daga baya zai rantse wannan zai ɗaga mota. Amma rabon da ya taje kansa da hannunsa tun kafin a yaye ɗansu. Tukwane da kofuna duk an sauko da su kantar ƙasa saboda shi. Lambobin zinaren da ya ciyo wa ƙasa a gasar ninkaya ne kawai suka rage a sama, rataye a bangon falo, inda hannunsa ba ya kaiwa.

Ranar ce za a binne Kawu Lorant, tsohon kocin ƙungiyar ninkaya ta garin, wanda ya ɗauki Ambrus tun yana ɗan firamare ya mai da shi zakara. A al'adar ƙungiyar, koci ba ya tafiya kabari a kan keken da ake turawa. Zakarun da ya rena su ne ke ɗaukarsa a kafaɗa, daga ƙofar ɗan cocin maƙabarta har bakin rami.

"Wai da gaske ɗauka za ka yi?" Piroska ta tambaya tana ɓalla masa maɓalli.

"Mutumin nan ubana ne."

"To. Ɗanka fa? Jiya da hannun hagu ya sha miya, ka gani ko ba ka gani ba?"

Ya gani. Zalan, ɗansu guda ɗaya tilo, shekararsa sha biyar, kuma ƙarshen mako za a zaɓi waɗanda za su shiga tawagar matasa ta ƙasa. Kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo tun kaka. Gergely, sabon kocin, wanda shi ma almajirin Kawu Lorant ne, ya ce abu ne mai sauƙi: gobe likitan ƙungiya zai yi masa allurar kashe zafi a cikin gaɓar, ya wuce gasar, hutu kuma sai daga baya. Gergely ya bugo waya ya tambaya, Ambrus ya ce a yi.

"Mu ma an yi mana," Ambrus ya ce.

"Na sani ai. Shi ya sa nake sa maka riga."

 Ta kakkaɓe masa wuyan kwat da ƙarfin da ya wuce buƙata.

"Ko yau sai da suka je atisayen safe," ta ce. "Ga gawa a ajiye, yara na cikin ruwa."

"Haka shi ma zai so."

"Wannan kam gaskiya ka faɗa."

* * *

Yayyafi ake yi a maƙabarta. A ƙarƙashin rumfar coci Ambrus ya tarar da sauran ukun: Vilmos da Kornel da Benedek. Su huɗun ne suka taɓa cin gasar miƙa-hannu, wadda in ɗaya ya gama ninkayarsa ɗaya ke karɓa, har gari ya rufe kasuwa ya fito tarbarsu a tashar jirgin ƙasa. Hotonsu yana nan a zauren tafkin ninkaya, hannuwa takwas a ɗage sama.

"Ga Kifin kogin Tisza!" Vilmos ya ce. "Wa ya ɗaura maka lakataye a wuya, uwar gida?"

"Kai wa ya ɗaura maka igiyar takalmi, tsohon banza?"

"Ni na daina sa mai igiya tuntuni."

Suka yi dariya, suka gaisa hannu a ƙasa-ƙasa, daidai ƙugu, ba wanda ya rungumi wani. Kornel ya fito da 'yar kwalbar giyar palinka daga aljihu, ya sunkuyar da kai ya kai bakinsa ga kwalbar maimakon ya kai kwalbar ga baki.

"Ni an yanka ni sau biyu," ya ce. "Likita ya ce abin da ya tarar a ciki kamar tsohuwar igiyar rijiya. Benedek kuma a zaune yake barci, tambaye shi."

"Sharri ne," Benedek ya ce. "A jingine dai."

Ambrus ya yi dariya tare da su, amma dariyar ba ta sauka ciki ba. Shekara da shekaru yana gaya wa kansa tasa kafaɗar rashin sa'a ce, ko gadon dangin uwarsa. Ba su taɓa haɗuwa su huɗu a wuri ɗaya ba tun da suka bar ruwa, don haka bai taɓa ganin abin a jere ba. Ya tuna katakon da Kawu Lorant ke ɗaura musu a tafin hannu, wanda ya fi farantin cin abinci faɗi, da bokitin da ake ɗaura musu a ƙugu su ja shi cikin ruwa har fitilun titi su mutu. In yaro ya ce kafaɗa, Kawu ya kan shafa kansa ya ce, "Koma ka yi kukanka a cikin ruwa, ba mai gani." Iyayensu kuwa suna zaune a benci suna tafi. A faɗi gaskiya, ba tsohon shi kaɗai ya yi aikin nan ba. Gari guda ne ya taya shi, don kowa na son a kira sunan garinsu a rediyo.

* * *

Fadan cocin ya gama addu'a. Shugaban ƙungiya ya yi jawabi, ya ce marigayin ya gina maza masu kafaɗun ƙarfe. Aka kira sunayen huɗun ɗaya bayan ɗaya, jama'a suka dare musu hanya. A gefe 'yan ninkaya na yanzu suna tsaye a layi cikin shuɗiyar rigar ƙungiya, gashinsu bai gama bushewa ba. Zalan na tsakiyarsu.

Ambrus ya kama hannun akwatin gawar na gaba, ɓangaren hagu. Tsohon ba shi da nauyi, cuta ta cinye shi. Suka ɗaga shi daga kan teburin har zuwa ƙugu, lafiya ƙalau. Saura a kai shi kafaɗa.

"Mu je," Vilmos ya ce ƙasa-ƙasa.

Akwatin ya tashi zuwa ƙirji, ya tsaya. Ambrus ya ji kamar an soka masa ƙusa mai zafi daga wuya zuwa gwiwar hannu. Ya tura, hannun ya ƙi. A bayansa Kornel yana nishi. Ɓangaren Benedek ya karkace, furannin da ke kai suka zame suka zube cikin taɓo, wani abu ya yi gum a cikin akwatin. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye.

Suka sake gwadawa. A karon nan ko ƙirji bai kai ba.

Suka mayar da shi kan tebur. Ba abin da ake ji sai yayyafi a kan lemomi. Zakaru huɗu na tsaye, hannuwa a zube, kowa na kallon takalminsa. Shugaban ƙungiya ya yi gyaran murya, ya yafito Gergely, suka yi ƙus-ƙus.

"Matasa za su karɓa," ya sanar. "Haka rayuwa take, wani ya miƙa wa wani."

Ambrus ya ɗago kai ya dubi layin yaran. Kafaɗu faffaɗa, lafiyayyu, kamar sababbin ƙofofi. Bai san lokacin da ya ratsa mutane ya sha gaban Gergely ba.

"Maganar allurar gobe," ya ce. "Na fasa. Kada a taɓa min yaro. Gasar ma ba zai yi ba."

Gergely ya dube shi da mamaki na gaskiya.

"Haba, Yaya Ambrus. Ai an yi."

"An yi me?"

"Yau da safe, bayan atisaye. Likita zai yi tafiya gobe, sai muka matso da ita. Kai da bakinka ka ce a yi. Kuma ka ga amfaninta, dube shi."

Zalan ya riga ya fito daga layi tare da wasu uku. Ya nufi hannun gaba na hagu, inda ubansa ya tsaya ɗazu. Ambrus ya kama masa gefen riga.

"Zalan. Bari wani ya ɗauka."

"Baba, sake ni, mutane na kallo."

"Kafaɗarka."

"Ba na jin komai, Baba." Yaron ya juya hannun sama, ya kewaya shi a iska don ya nuna masa, yana murmushi. "Ka gani? Ko kaɗan."

Ya zare rigarsa daga yatsun uban a hankali, cikin ladabi. Yaran huɗu suka sunkuya, suka ɗaga akwatin a tashi ɗaya, ya zauna daram a kafaɗunsu. Wani daga cikin jama'a ya ce, "Madalla da 'ya'ya." Ƙararrawar coci ta fara bugawa.

Piroska ta zo ta tsaya kusa da mijinta. Ba ta dube shi ba. Ta ɗaga lemarta sama iya tsawon hannunta don ta rufe su duka biyun, suka bi bayan gawar.

A gaba, gefen akwatin ya nutse cikin shuɗiyar rigar Zalan, daidai kan gaɓar da aka soka da safe. Yaron yana tafe a miƙe, kansa a sama, ko sau ɗaya bai gyara zaman kayan ba har bakin rami.