Gishirin da Ya Rage

A kamfanin motocin safa da yake aiki babu mai kiransa da sunansa, Ƙara-Gishiri kowa yake ce masa. Idan akuya ta gitta masa a hanya, kafin ya iso gareji ta zama garken shanu. Tuƙi kam ya iya, shekara da shekaru bai taɓa ko goge fentin mota ba, amma labarinsa sai an tace.

Shi ya sa ranar da nas ɗin kamfani ta ɗaura masa na'urar awo a dantse, ta ce jininsa ya hau sosai, dole ya rage gishiri, direbobin da ke layi suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ita ba ta yi ba. Ta ce ƙa'idar kamfani ce, wanda jininsa ya zauna a haka ba a danƙa masa ran fasinjoji. Ta ba shi magani, ta ce ya riƙa tafiya a ƙasa, ya dawo ƙarshen wata. In jinin bai sauka ba, makullin mota zai koma ofis.

Tsoro ya kama shi, don bayan sitiyari bai san wata sana'a ba. Matarsa ta fi shi tsorata. A ranar ta ɗauki robar gishirin gidan ta kai wa maƙwabciya. Abincin farko ya fito salam, ya yi loma biyu ya ture kwanon, ya ce ya ƙoshi. Ta ɗauke kwanon. Amma daga washegari girki ya gyaru, har ya fi na da.

Ya dage kuwa. Kullum da safe yana zagaya filin ƙwallon unguwa, tumbi na gaba yana biye. Magani ba fashi. Ƙanin matarsa ya kawo masa ƙwayoyin tafarnuwa a kwalba, nas ta ce ya sha in yana so, amma kada ya ɗauka za su yi masa aikin magani. A gareji kuma ya sami sabon labari: matarsa tana girki ba ƙwayar gishiri, ƙamshi har bakin titi. Wannan karon iya abin da ya sani ya faɗa, kuma ba wanda ya yarda.

Ƙarshen wata na'ura ta nuna jinin ya ɗan motsa, amma bai kai inda ake so ba. Nas ta tambaye shi batun gishiri, ya rantse ko ganinsa ba ya yi. Ta dube shi irin kallon wadda ta san laƙabinsa. Aka rataye makullinsa a ƙusa bayan teburin manaja, aka ce an ƙara masa wata guda, na ƙarshe.

Mutumin da bai saba zaman gida da rana ba bai san inda zai ajiye kansa ba. Daga falo zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa falo, har ya tsinci kansa a bakin kicin. Matarsa na tsaye kan tukunya tana ɓare dunƙule, ɗan sinadarin nan na ɗanɗano, tana murmushe shi cikin miya. Ta ɓare ɗaya, ta ɓare wani, ta ƙara wani. Takardunsu masu ƙyalli sun taru a gefen murhu.

Ya ɗauki babbar ledar dunƙulen, ya nisanta ta da idonsa don rubutun ƙanana ne. A jerin abubuwan da aka haɗa shi da su, gishiri ne na farko.

"Baban yara, kada ka damu," in ji ta, ba ta ko waiwayo ba. "Tun ranar nan ko ƙwaya ɗaya ban sa maka ba. Da na ga ka ture kwano ne na ce bari in nemo dabara."

Haushi ya taso masa har wuya, sai tausayi ya danne shi. Shi ne ya ture kwanon. Ya miƙa mata ledar, ya ɗora yatsa a kan kalmar. Ta karanta, ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta sauke tukunyar ta ce yara sa ci wannan. Ta ɗora wata.

Ta sa albasa da tumatir da tattasai, ta matsa lemon tsami a kai, iyakar abin da ta iya ke nan. Miyar ta fito salam kamar ta ranar farko. Ya zauna ya ci, yana tuna makullinsa a kan ƙusa, loma bayan loma har ya suɗe kwanon. Ta tsaya a kansa, idonta ya yi ja, tana jiran hukunci.

Ya ce wallahi tun da aka yi aurensu bai taɓa cin miya mai daɗin wannan ba, ko a manyan otal-otal ba a yin irinta.

Ta ɗauki kwanon, ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta.

"Baban yara," ta ce, "an ce ka rage gishiri."