Minti Huɗun Baba Abdulwahab

"Rufe ƙofar nan, Malama Dorothy. Don Allah rufe."

Na rufe, amma rana ta riga ta sauka a kan teburinsa. Baba Abdulwahab ya ɗaga ɗan farantin jan ƙarfen da yake aiki a kai, ya dube shi, ya dube ni, kamar na yar masa da jika a ƙasa. Ni kuwa ina tsaye da katinsa na asibiti a hannu, Babakura mai keke Napep yana waje yana jiranmu tun ƙarfe takwas.

Shekara tara muna haya gida ɗaya a unguwar Galtimari. Matarsa ta rasu, 'yarsa Hanifa tana aure a Kano, sai ya zama ni ce mai yi masa miya, ni ce mai yi masa faɗa. Ƙodarsa ta gaza. Likita ya ce a kawo shi wankin ƙoda cikin makon nan, kada a wuce. Ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga. Kullum Hanifa sai ta kira ni ta ce amanar babanta tana hannuna, kamar ni ce na hana shi tafiya.

Abin da ya hana shi famfo ne. A shekarar da aka fasa turakun wuta a hanyar Damaturu, gari ya yi wata da watanni babu lantarki, rijiyar burtsatsen layinmu da sola take aiki. Sai na'urar solar ta ƙone. Sabuwa sai daga Kano, hanya kuma yau a buɗe gobe a rufe. Baba, tsohon makanikin gidan rediyo, ya tashi gaban mutane a masallaci ya ce shi zai haɗa wata. Babu wanda ya roƙe shi.

Ya sha yi mini bayanin aikin ba tare da na tambaya ba. Farantin jan ƙarfen nan shi ne zai zama zuciyar na'urar. Yana manna wata shuɗiyar leda a kan farantin da dutsen guga, ya ɗora zanen layukan wuta a kai, ya sa a akwatin katako. Cikin akwatin ya jera ƙananan ƙwayaye da ya ciro daga tocilan duba jabun kuɗi, masu haske shuɗi mai ratsin shunayya. Inda hasken ya taɓa, ledar ta ƙame. Inda zane ya kare, ta wanke a ruwan kanwa. Kanwar kuma tawa ce, ta miyar kuka, bai taɓa tambaya ba. Minti huɗu cif ake barinsa a hasken, da carbi yake ƙirgawa, kuma in yana ƙirga ko Shehu ne ya yi sallama ba zai amsa ba. Rana kuwa tana gasa ledar gaba ɗaya, aiki ya lalace.

Mijina Peter ba ya ma son jin zancen. Ya ce ranar da 'yan gora masu sintirin unguwa suka leƙo suka ga wayoyi da batir da ruwan asid, duk mazan gidan ne za su kwana a bariki suna bayanin famfo.

Ran nan dai na ce masa ya bar farantin banza ya tashi mu tafi. Ya ce ba inda za shi, ai ni na ɓata, ni na jawo kwana ɗaya. Na ce ruwa ba zai ƙare a duniya ba don ya kwana uku a asibiti. Ya ce ya san masu shiga wankin ƙoda, ba kwana uku suke yi ba.

"Leda ɗaya ta rage mini," in ji shi. "Gobe da safe, minti huɗu, in wanke, in ba yaron aikina Sa'id ya ƙarasa haɗawa, sai ki kai ni duk inda kike so. Amma in kika sake buɗe ƙofar nan, sai an kawo wata daga Kano, ni kuma ina nan zaune."

Na sallami Babakura, na shiga ɗaki ina huci. Wallahi da yaro ne da na ɗauke shi cak.

Washegari ya fito alwala yana dafa bango, numfashinsa kamar ana jan guga. Na ce mu tafi yanzu. Ya ɗaga mini yatsu huɗu, ya shige, ya turo ƙofa.

Na zauna a kan turmi da waya a hannu ina kallon lokaci. Minti huɗu suka wuce, na ce yana wankin kanwa. Goma suka wuce, na kira shi, shiru, na ce ƙila ya makara bai fara ba sai yanzu yake ƙirga. Babakura ya shigo ya gaishe ni da wushe irin ta yarensu, ya ce mu tura ƙofar kawai mana. Na ce kada ya kuskura, ni na san abin da na sha jiya. Minti ashirin da biyar na yi a kan turmin nan ina gadin leda. Har yau in na tuna haushi nake ji, nasa da nawa, ban san wanda ya fi ba.

Da na kasa haƙuri, sai na ɗauko tabarma na ba Babakura, na ce ya ɗaga ta sama ya tare rana. Na buɗe ƙofar kaɗan, na kutsa a gicciye, na mayar.

Ɗakin duk ya yi shuɗi. Murfin akwatin a buɗe yake, ƙwayayen suna ci. Baba yana zaune, kuncinsa a kan tebur, hularsa ta faɗi gefe, farar jallabiyarsa tana ƙyalli a hasken nan kamar yanzu aka wanke ta. Na taɓa wuyansa, na riƙe hannunsa. Ban san addu'ar da Musulmi suke yi wa mamaci ba, sai na yi tawa a hankali.

Daga waje na ji muryar Babakura.

"Anti, in sauke tabarmar? Hannuna ya gaji."

Na ce ya ɗan ƙara riƙewa.